Wane yaren rubuta manhaja ya dace da aikina? Amsa ga wata ɗaliba daga Gombe

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗaliba ce a aji uku, sashen kimiyyar kwamfuta a nan Gombe. An koya mana C++ da Java, amma iyakacin na cin jarrabawa. Kawuna yana da makarantar kuɗi mai ɗalibai wajen 600, yana so in yi masa manhajar karɓar kuɗin makaranta da fitar da sakamako. Wasu sun ce in kama Python, wasu sun ce PHP ya mutu, wasu sun ce JavaScript kaɗai ya isa. RAM ɗin laftof ɗina gigabait 4 ne. Don Allah a kwatanta mini ƙarfi da raunin kowanne.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara ba ki hukuncin, dalilai su biyo baya. Aikin kawu ki yi shi da PHP a kan Laravel, wato shiryayyen tsarin gina manhaja da PHP, da rumbun bayanai na MySQL, ki haɗa da ɗan JavaScript daidai buƙata. Idan aikin ya tsaya da ƙafarsa, sai ki kama Python. Ba don PHP ya fi sauran kyau ba ne, ta fuskar tsari ma Java ɗin da ake koya muku ya fi shi. Abu uku ne suka yanke maganar: inda manhajar za ta zauna, injin da ke hannunki, da wanda zai gyara ta ranar da kika tafi bautar ƙasa.

Kafin a bi yarukan ɗaya bayan ɗaya, ki riƙe inda suka rabu tun daga tushe, domin kusan duk ƙarfi da raunin da ake lissafa musu daga nan ya fito.

Na farko shi ne yadda kod ke isa ga furosesa. C da C++ da Go da Rust ana ba kompaila duka kod ɗin, ya juya shi zuwa yaren inji sau ɗaya, a sami fayil mai gudu da kansa. Python kuwa tafinta ne ke bin umarnin yana aiwatarwa a lokacin da manhajar ke aiki, PHP ma kusan haka yake. Java da Kotlin da C# suna tsakiya: ana juya su zuwa wani kod na tsaka-tsaki, sannan wani inji na manhaja ya gudanar da shi, yana mayar da sassan da ake yawan maimaitawa zuwa yaren inji. Shi ya sa dogon lissafin da aka rubuta da Python zalla zai iya cin ninki goma ko fiye na lokacin da C zai ci. Masu gardamar sauri nan suke fakewa. To amma ki lissafa aikinki: ɗalibai 600, a ce darussa 12, zango 3, layin maki 21,600 ke nan a shekara. Wannan ba komai ba ne a wajen kowane yare. Idan manhajarki ta yi nawa, kusan koyaushe abu biyu ne: ko sabis ya yi rauni, ko kin rubuta kod yana tambayar rumbun bayanai sau 600, ɗalibi ɗaya tambaya ɗaya, alhali tambaya guda mai haɗa teburori ta isa. Canza yare ba ya maganin wannan.

Na biyu, kuma shi ya fi shafarki, shi ne lokacin da yare ke gane cewa kin haɗa lamba da rubutu. Duk abin da akanta ya buga a fom ɗin shafin intanet a matsayin rubutu yake isowa, ko da lambobi ne. A ce ya buga 5000, ke kuma kod ɗinki zai ƙara 2000 na kuɗin littafi. JavaScript zai manna su ya ba ki 50002000, ko tari ba zai yi ba. Python zai tsaya ya ce ba a tara rubutu da lamba, amma sai lokacin da aiki ya iso wannan layin, wataƙila ranar da iyaye suka yi layi a ofis. PHP zai ba ki 7000, ki ji daɗi, sai ranar da akanta ya buga 5,000 da waƙafi: PHP zai karanta 5 ya tsaya, ya ba ki 2005 tare da gargaɗin da galibi a kashe yake a kan saba, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta. Java kuwa idan kin ce jimillar lamba ce, tun wajen kompaila zai ƙi, manhajar ba za ta tashi ba sai kin gyara. Wannan shi ne amfanin tsaurin Java da ɗalibai ke ƙorafi a kai, yana sa ki yawan rubutu amma yana kama kuskure tun yana kan teburinki.

Java da C da Go su ma suna da nasu tarkon a lissafi. Ki raba 299 da 4 alhali duka lambobi ne cikakku, za su ba ki 74, su zubar da sauran. Python 3 da PHP da JavaScript za su ba ki 74.75. Idan makarantar tana cike maki zuwa lamba mafi kusa, kuma babban maki daga 75 yake farawa, kin tauye yaro ke nan ba ki sani ba. JavaScript kuma idan kika ba shi maki 7, 65, 80, 100 ya jera da umarnin sort ba tare da kin faɗa masa yadda zai kwatanta ba, zai dawo da 100, 65, 7, 80, domin kamar kalmomi yake jera su. Wanda ya fitar da matsayin aji da wannan, sai iyaye sun zo da kansu.

Akwai wanda kusan duka suka yi tarayya a kai. Ki tara 0.1 da 0.2 a Python ko JavaScript, za ki ga 0.30000000000000004, domin kwamfuta ba ta iya ajiye irin waɗannan gutsattsarin daidai a tsarin sifili da ɗaya. Saboda haka ba a ajiye kuɗi a nau'in lamba mai ɗigo. Ki ajiye a kwabo, lamba cikakkiya, naira 25,000 ta zama 2500000, sai wajen nunawa ki raba da 100. Paystack, mai karɓar biyan kuɗi ta intanet, ma a kwabo yake karɓar adadi. In ba haka ba, ki yi amfani da DECIMAL a MySQL, Decimal a Python, BigDecimal a Java. Lambar waya, lambar asusun banki mai lamba 10, NIN mai lamba 11, duk rubutu ne. Idan kika ajiye lambar waya a matsayin lamba, sifilin farko zai ɓace, kuma int na Java iyakarsa 2,147,483,647, ba zai ma ɗauke ta ba.

Na uku shi ne wanda ke share memori bayan an gama da ita. A C ke ce, a C++ ma nauyin yana kanki ko da yake akwai kayan sauƙaƙawa. A Java, Python, PHP, JavaScript da Go yaren ne ke yi da kansa, a madadin ɗan ƙarin RAM da yake ci. Ba ƙaramar magana ba ce: Microsoft ta bayyana a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da take toshewa daga kuskuren memori suke, masu Chromium ma sun faɗi kusan wannan adadi.

Yanzu PHP. Rasmus Lerdorf ya fitar da shi a 1995, kuma an daɗe ana yi masa jana'iza yana tashi. WordPress, wanda ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet, da shi aka rubuta. Wikipedia, har ta Hausa, a kan MediaWiki take, shi ma PHP ne. Haka Moodle da makarantu ke amfani da shi. Babban ƙarfinsa a wajenmu araha ne: hostin, wato hayar wurin ɗora shafi a intanet, mafi sauƙin kuɗi, irin mai cPanel da ake biya shekara-shekara, da PHP da MySQL yake zuwa a shirye. Ba ki buƙatar kula da saba, kuma XAMPP ko Laragon, masu gudanar da PHP da MySQL a laftof, za su yi aiki lafiya a RAM 4. Sannan idan ba kya nan, samun wanda ya taɓa PHP a Gombe ko Bauchi ya fi samun mai Go ko Rust sauƙi nesa ba kusa ba.

Rauninsa shi ne yana barin mutum ya yi ɓarna cikin sauƙi, kuma intanet cike take da tsofaffin darussa masu koyar da ɓarnar. Duk darasin da kika ga yana amfani da mysql_query, rufe shi, an cire wannan tun PHP 7 a 2015. Duk wanda ke manna abin da mutum ya buga kai tsaye cikin umarnin SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, ƙofa yake buɗe wa mai kutse ya karanta ko ya goge maki. Duk wanda ke ajiye kalmar sirri da md5, shi ma haka, password_hash ake amfani da shi. Dalilin da na ce Laravel ke nan: Taylor Otwell ya fitar da shi a 2011, kuma yana toshe yawancin waɗannan ramukan idan kin bi hanyarsa. Wajen ɗora shi ne mutane ke tuntuɓe. Ki tabbata hostin ɗin yana da sigar PHP da ake buƙata, Laravel 11 sai 8.2 zuwa sama. Adireshin shafin ya nuna foldar public kaɗai, in ba haka ba fayil ɗin .env mai ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai zai iya buɗuwa ga kowa. Kuma ki mayar da APP_DEBUG zuwa false, don kada kuskure ɗaya ya baje wa baƙo asirin manhajar a allo.

Ga wani abu da darussan ƙasashen waje ba sa damuwa da shi, mu kuwa dole. Baƙaƙenmu masu ƙugiya, ɓ ɗ ƙ, kowanne bait biyu yake ci a tsarin UTF-8. Idan kika ba strlen na PHP kalmar ƙasa zai ce 5, domin bait yake ƙirgawa, haka C da Go da Rust a ƙirgensu na farko. Python 3 da Java da JavaScript za su ce 4. A PHP sai ki yi amfani da mb_strlen da mb_substr da mb_strtoupper, in ba haka ba wajen gajarta suna a takardar sakamako za ki raba harafi gida biyu ya fito tarkace. Rumbun bayanai kuma ki saita shi utf8mb4 tun ranar farko. Idan yana latin1, sunan Ɗanjuma da alamar ₦ za su koma alamar tambaya, kuma abin da ya lalace a wajen ajiya ba ya dawowa. Wajen fitar da risit na PDF ma ki zaɓi rubutu irin DejaVu Sans mai ɗauke da waɗannan baƙaƙen.

Python, na Guido van Rossum, 1991, ya fi PHP tsafta da sauƙin karatu, kuma da za a bar ni in zaɓa wa mai fara koyo yare ɗaya ba tare da wani aiki a gabansa ba, shi zan zaɓa. Django, takwaran Laravel a Python, wanda Instagram ya ginu a kansa, yana ba ki shafin gudanarwa kyauta: ki bayyana teburin ɗalibai da na biyan kuɗi, sai ga wurin shigarwa da gyarawa da bincike ya fito. A irin aikin kawu wannan rabin aiki ne. Abin da ya hana in ce ki fara da shi wajen ɗorawa ne. Hostin mai araha ko dai ba ya ɗaukar Python, ko yana ɗauka da wahala. Hanyar da ta dace ita ce ki yi hayar saba taki, ki saita Linux da Nginx da Gunicorn da takardar tsaro, ki riƙa sabunta su, galibi kuma ki biya da dala duk wata. Idan kawu ya ce manhajar a kwamfutar ofis kaɗai za ta zauna, malamai su shiga ta rawuta a cikin harabar makaranta ba tare da intanet ba, to lissafin ya canza, Django ya yi daidai ko ma ya fi.

Inda Python ba shi da abokin gasa sai R shi ne nazarin bayanai. pandas da NumPy da kayan koyar da inji irin PyTorch duk ta ƙofarsa ake shiga, kuma ba sa nawa domin ainihin lissafin da C da C++ aka rubuta shi a ƙasa. A Arewa maso Gabas wannan sana'a ce: ƙungiyoyin lafiya da na agaji suna tara bayanai da KoboToolbox da ODK, ma'aikatun lafiya suna aiki da DHIS2, kuma wanda ya iya tsaftace fayil mai layi dubu hamsin ya fitar da rahoto ba ya rasa mai nemansa. Rauninsa, ban da nawa, bai dace da manhajar waya ba, kuma laburare kan yi karo da juna idan ba ki ware wa kowane aiki nasa muhallin da venv ba. Python 2 an daina kula da shi tun 1 ga Janairu 2020, duk littafin da ke rubuta print ba baka biyu tsoho ne.

JavaScript ba zaɓi ba ne, dole ne, domin shi ne yaren da kowace burauza ke ji kai tsaye. Brendan Eich ya tsara shi a Netscape a 1995 cikin kwana goma kacal, kuma gaggawar tana nan a jikinsa, kin ga misalai a sama. Tun da Node.js ya fito a 2009 ana iya rubuta ɓangaren saba da shi, shi ya sa masu ce miki shi kaɗai ya isa ba ƙarya suka yi ba. Yana kuma da wani amfani da ya dace da mu: ana iya sa shafi ya ajiye maki a cikin wayar malami idan sabis ya ɗauke, ya tura daga baya. Kuɗinsa data ne da haƙuri. Ƙaramin aikin React, laburaren JavaScript na gina fuskar shafi, zai iya sauke ɗaruruwan megabait a foldar node_modules, kuma kayan aikin suna canzawa da sauri har darasin bara ya ƙi aiki bana. Idan aikin ya girma, TypeScript na Microsoft, 2012, yana ƙara masa irin tsaurin Java. A aikin kawu ba kya buƙatar React, shafukan Blade na Laravel da layuka kaɗan na JavaScript sun wadatar.

Java ɗin da kike gani kamar na jarrabawa kawai, kada ki yar da shi. Sun Microsystems ta fitar da shi a 1995, yanzu yana hannun Oracle, kuma manyan bankuna da kamfanonin sadarwa suna son sa domin mutum hamsin za su iya aiki a kod ɗaya shekara goma bai wargaje ba. DHIS2 ɗin da na ambata ma da shi aka gina cikinsa. Matsalarsa a wajenki nauyi ne: Spring Boot da IntelliJ da burauza a RAM 4, fanka za ta yi ta kuka. Idan manhajar Android ce a ranki, Kotlin ne magajinsa, Google ta fifita shi tun 2019, ya fi gajarta kuma yana kama matsalar null, wato gurbin da babu komai a ciki, tun wajen kompaila. Amma Android Studio yana son RAM 8 aƙalla, saukarwarsa da kayan haɗinsa gigabait da dama ne. Flutter, mai amfani da Dart, yana ba ki Android da iPhone daga kod ɗaya, amma bai fi sauƙi a kan inji ba. Idan dole ne, ki manta da wayar kwaikwayo ta cikin kwamfuta, ki jona wayarki ta gaske da kebul. Kuma ki duba ko laftof ɗin yana da gurbin ƙarin RAM, ƙarin gigabait 4 da sauya faifan ajiya (hard disk) zuwa SSD sun fi kowane canjin yare tasiri. Swift na Apple sai da kwamfutar Mac da dala 99 duk shekara, alhali Google Play dala 25 ne sau ɗaya, kuma yawancin iyayen yaran Android ke hannunsu. Bar shi tukuna.

C da C++ suna da wurinsu, kuma wurin yana kusa da mu. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a 1972, har yau shi ke riƙe da zuciyar Linux. Duk mai son haɗa na'urar kunna famfon ban ruwa a Dadin Kowa, ko mai lura da batirin sola, da su zai yi aiki, domin Arduino Uno R3, ƙaramin allon kwamfuta da ake sa wa irin waɗannan na'urori, RAM ɗinsa kilobait 2 ne kacal, babu wurin tafinta. A nan za ki ga kaifinsu da haɗarinsu tare. A kan Uno int iyakarsa 32,767. Ki rubuta 60 sau 1000 don famfo ya jira minti ɗaya, lissafin zai zarce iyaka ya ba da wata lamba daban, kompaila wataƙila gargaɗi kawai zai yi, famfon kuma ya yi abin da ba ki sa shi ba. Maganin shi ne unsigned long da rubuta 60000UL. Agogon millis na Arduino ma yana komawa sifili bayan kusan kwana 50, na'urar da aka bari a gona dole kod ɗinta ya san da haka. Rubuta manhajar makaranta da C++ kuwa wahalar da kai ne.

Go na Google, 2009, yana fitar da fayil guda mai sauri mai ƙarancin cin RAM, Docker da Kubernetes da shi aka yi su, kuma yana da sauƙin koyo. Rust, wanda sigarsa ta farko tsayayya ta fito a 2015, yana ba da saurin C tare da hana kuskuren memori, amma kompailansa zai yi ta ƙin kod ɗinki makonni kafin ku fahimci juna. Dukansu na neman aikin kamfanonin nesa ne bayan kin ƙware, yanzu ba lokacinsu ba ne. C# kuwa ɗan'uwan Java ne, sai in ofishin da za ki shiga na kayan Microsoft ne ko kina son wasanni da Unity.

Wanda ba ki ambata ba, kuma shi zai bi ki duk inda kika koma, SQL ne. Kafin ki rubuta layi ɗaya na Laravel, ki zana teburori a takarda: ɗalibai, azuzuwa, zanguna, darussa, maki, kuɗin da ake bi, kuɗin da aka biya. Kada ki ajiye ragowar bashi a wani gurbi kina gyara shi da hannu, ki bar kowane biya ya zama layinsa da ranarsa da sunan wanda ya karɓa, ragowar a lissafo ta daga nan. Kada a goge risit, a soke shi da wani layin. Ki sa doka a teburin maki cewa ɗalibi ɗaya, darasi ɗaya, zango ɗaya ba ya shiga sau biyu, domin malami zai danna maɓallin turawa sau uku idan sabis ya yi nawa. Ki fara da ɓangaren kuɗi a aji ɗaya, a gudanar da shi tare da littafin akanta zango guda ana kwatantawa, sannan ki ƙara sakamako. Kuma ki saita mysqldump ya kwashe rumbun kullum zuwa wani wuri daban da sabar, sannan ki gwada dawo da kwafin a laftof ɗinki kafin a shigar da kuɗin ɗalibi na farko.